Lallen da Bai Kama Ba

"Ɗaure ta kuke yi," in ji Sa'adatu, ta yaye zanen da ya rufe ƙafar uwarta. "Yaya Datti, dubi idon sawun nan. Igiya ce ko ba igiya ba?"

Hansai mai ƙunshi, wadda gidanta ke jikin katangar benensu a Unguwar Kanawa, tana bakin ƙofa da kwanon kunu. Ta ga shatin, ja wur, ya zagaye kumburarriyar ƙafar Hajiya Kaltume, ta kuma san mai shi.

Shekara ashirin da uku tana yi wa Hajiya ƙunshi. Lokacin da Hajiya take Hajiya, biki ba ya ƙayatuwa a Kaduna sai farar Marsandinta ta tsaya, makaɗa su saki amarya su koma kanta. Yanzu shanyewar ɓarin jiki da ciwon suga sun kwantar da ita, ƙawayen anko sun ɗauke ƙafa. Ranar Laraba, da Halima matar Datti ta tafi kasuwar Kawo, Hajiya ta nuna tafin ƙafarta da hannun da ke motsi.

"Fari fat, kamar na namiji," ta ce da kyar. "Hansai, haka zan tafi?"

Hansai ta kwaɓa lalle, ta shafa, ta naɗe da leda, ta ɗaure da tsumma kamar kullum. Ta manta ƙafar ba ta dā ba ce. Nan da nan tsumman ya nutse cikin kumburi, ta kwance a gigice, ta wanke. Lalle bai kama ba, shati ya kama.

"Ke da kike leƙo mu daga Legas sau biyu a shekara," in ji Datti ga ƙanwarsa, "yau kin san zafinta?"

"Matarka za ta yi wa dangi bayani. In ya so mu haɗu a kotu."

Halima, da ke kwashe kashi da fitsarin surukarta wata tara, ta durƙushe tana kuka. Hajiya ta dubi Hansai, ta girgiza kai kaɗan. Hansai ta gane: in ta yi magana, ita da ɗakin nan har abada. Amma ta kasa jure kukan yarinyar.

"Ni ce," ta ce. "Ƙunshi na yi mata."

A karon farko wa da ƙanwa suka haɗa baki.

"Inna Hansai, mun gode. Ki riƙa gaishe ta daga gida."

Kwana goma sha biyu Hansai tana shanya wanki a jikin katangar nan, ko mai datti ko marar datti, don ta ji tarin Hajiya. Kewa ta ci ta. A rana ta sha uku, bayan azahar, ta ji salati maimakon tari.

Halima ce ta shigo da kanta, ko mayafi babu.

"Inna, ki zo ki yi mata wanka. Na ce musu in ba ke ba, ni ma ba zan taɓa ta ba."

Hansai ta wanke fuskar, ta wanke hannuwan da zobba suka bar wa zane. Da ta zo ƙafar dama sai ta dakata. A ƙarƙashin ɗan ƙaramin yatsa, inda ruwanta na ranar Laraba bai kai ba, lalle ya kama, ja, bai fi ƙwayar wake ba. Ta rufe wurin da babban yatsanta, ta miƙa wa Halima hannu ta ba ta buta.