Irin da Baba Illa Ya Bari

Zuliha ta sauka daga motar Zermu da hantsi, a tsakiyar bazara, ta taka da ƙafa har unguwar Kara-Kara ta Damagaram inda ƙaninta Tahiru yake zaune. Irin gero ta zo karɓa, kuma tun a cikin mota ta ƙudurta cewa ba za ta koma gida ba sai da shi.

Irin na mahaifinsu ne, Baba Illa. Shekara da shekaru ya yi yana ware zangarniyar da ta riga sauran nuna, har ya samu geron da ke cika ido ko da damina ta gajarta. A shekarar da ya rasu fari ya ƙone gonakin Zermu, yunwa ta sa mutane suka daka har irin da suka ajiye. Abin da ya tsira daga geron tsohon bido ɗaya ne, wato jarka, wanda ya gauraya da toka, ya toshe bakinsa, ya damƙa wa Tahiru. Tun daga ranar bidon yake ƙarƙashin gadon Tahiru a Damagaram. Damina ta zo ta wuce, wata ta bi bayanta, Zuliha tana shuka irin kasuwa wanda bai saba da ƙasarsu ba.

Tahiru mushe ne, wato malamin boko, ya koyar da ilimin tsirrai da dabbobi a lise, babbar sakandare, har ya bar aiki. Tun yana saurayi ya daina salla. Ba ya shela a kan haka, ba ya kuma ɓoyewa idan an tambaye shi: yakan ce ya bincika, bai ga hujjar da za ta sa ya gaskata ba. Mutanen unguwa suna gaisawa da shi, amma ba sa sa shi gaba a wata hidima.

"Yaya, ke ce a cikin wannan zafi? Me ya hana ki kira ni in tarye ki a tasha?"

"Da na kira ka, da ka ce in dakata sai rediyo ta faɗi ranar da ta dace da tafiya."

Ya yi dariya, ya shimfiɗa mata tabarma a inuwar katanga, ya kawo ruwan randa. Suka gaisa yadda ya kamata, ya tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya. Da ta ajiye moɗar sai ta ce, "Bidon Baba na zo ɗauka. Binne zan yi."

Dariyar ta bar fuskarsa. "Binne? Ki zuba irin Baba a busasshiyar ƙasa tun sama ba ta ko haɗa gajimare ba? Yaya, ki saurare ni. Yayyafi kaɗan ya isa ya tayar da ƙwaya, rana ta biyo baya ta kashe ta. Wanda yayyafi bai taɓa ba, tururuwa da ɓera su kwashe. Wannan caca ce. Ku kuna kiranta tawakkali, ni kuwa caca nake kiranta."

"Bara me ka ce mini?"

"Na ce a jira ruwan gaskiya."

"Ruwan ya zo, na aiko maka, ka ce na yaudara ne. Na biyu ya zo, ka ce a ga na uku. Da na ukun ya sauka, ka ce lokaci ya ƙure."

"Kuma kowace magana tana da dalilinta. Bambancina da ke kenan. Ni abin da hankali ya nuna nake bi. Ke in zuciyarki ta motsa, sai ki ce Allah ne ya motsa ta."

Zuliha ta gyara mayafinta. Wannan gardama sun yi ta tun gashinsu yana baƙi, ba wanda ya taɓa kayar da ɗan'uwansa.

"To, mai hankali," in ji ta, "ba kai ne kake sa 'yan lakwal, ɗalibanka na makaranta, su jera ƙwaya a jiƙaƙƙen tsumma, don a gane iri mai rai da matacce ba? Na taɓa ganinka kana yi a tsakar gidan nan. Sau nawa ka yi wa irin Baba haka?"

Tahiru ya dubi katanga. "Buɗe bidon yana sa iska ta shiga."

"Sau nawa, Tahiru?"

Ta miƙe, ta shiga ɗakinsa ba tare da neman izini ba, ta jawo bidon. Ƙura ba ta kansa ko kaɗan, alamar ana goge shi. Ta kwance ledar da aka ɗaure a bakinsa, ta tsiyayi ƙwaya cikin tafinta, ta hure tokar. Ta yage gefen tsohon zanen da ta naɗo goronta a ciki, ta jiƙa shi, ta baza ƙwayar a kai, ta naɗe, ta sa a ƙarƙashin randa inda sanyi yake.

"Ina nan har tsumman nan ya yi magana," ta ce. "Abin da ya faɗa, shi za mu bi, ni da kai."

Kwanakin da suka biyo baya ta zauna a gidansa. Duwatsun Damagaram suna mayar da zafin rana cikin unguwa, ba mai fita sai da dalili. Idan an kira salla, Tahiru yakan cika mata buta ya ajiye a bakin tabarma, ya koma kujerarsa da rediyonsa. Idan ta sallame, sai su ɗora daga inda suka tsaya.

"Addu'ar da kika yi yanzu, ta tsumman ce?" ya tambaye ta wata la'asar.

"Taka ce. Tsumma ruwa yake so, na kuwa ba shi."

"Shekaru nawa kina yi mini ita? Da gwaji ne a lakwal, da an rufe shi tuntuni, an ce bai yi ba."

"Ai kana da rai, gwajin bai ƙare ba. Kai da ka ce ba ka yarda da abin da ba ka gani ba, yaushe ka ga rai a cikin bidon can? Ka rufe shi, ka kwanta a kansa, kana cewa yana nan lafiya. Ni aƙalla na san sunan abin da nake yi."

Ya ƙara wa rediyo murya.

Ranar da suka kwance tsumman, da safe ne, a tsakar gida. Tahiru ya sa tabarau, ya durƙusa, ya riƙa ware ƙwayar da tsinke. Waɗanda suka fitar da farar saiwa ya tura dama, waɗanda suka kumbura kawai suka yi baƙi ya tura hagu. Tarin hagu ya fi na dama. Ya daɗe yana dubawa, ya sake juya wasu, ko za su canja.

"Faɗa mini da bakinka," in ji Zuliha. "Kai ne mushe."

"Iri yana tsufa," ya ce a hankali. "Rabinsa ya mutu, ko fiye."

"Baɗi fa?"

"Baɗi zai fi haka."

"To hankali ya yi magana."

Ta shiga ɗaki, ta ɗaure bakin bidon, ta yi gammo, ta ɗora shi a ka. Da ta juyo sai ta tarar da shi tsaye a bakin ƙofa, hannu ɗaya a kowane gefen ƙofar.

"Ajiye shi, Yaya."

"Ba ni hanya."

"A jira ruwa. Ruwan farko kawai, na yi alkawari."

"Alkawarinka na bara yana cikin tarin hagu. Idan ruwa ya sauka, kowa a Zermu gonarsa zai nufa, ba ni da ɗa namiji a gida, kafin in gama sara ƙasa ta bushe. Shi ya sa nake binne. Ba ni hanya, ko ka ture ni, unguwa ta ga mushe ya ture yayarsa."

Muryarsa ta fito kamar ba tasa ba.

"Ke kin san shekarun da Baba ya yi ba ya amsa gaisuwata. In na shiga zaure, ya juya fuska. Ranar da na je duba shi a ciwon ƙarshe, bai ce ya yafe mini ba, bai sa mini albarka ba. Bidon nan ya nuna, ya ce, 'Kai ka iya ajiya, riƙe.' Maganar da ya yi mini kenan, ita kaɗai. In kika zuba shi a ƙasa yayyafi ya kashe shi, me ya rage mini?"

Zuliha ta tsaya da kayan a kanta. Idonta ya kawo ruwa, amma ba ta sauke bidon ba.

"Ashe ba rediyo ba ce take hana ka," ta ce.

"Ke ma kada ki yi mini wayo," ya ce da zafi. "Maganar rashin ɗa namiji gaskiya ce, amma ba ita ta taso ki ba. Baba yana binne a irin wannan wata, washegarin roƙon ruwa. So kike ki taka inda ya taka."

"Haka ne. Ina so. Ni ban taɓa cewa ba ni da zuciya ba, kai ne ka ce ka cire taka ka ajiye. Baba iri ya ba ka, Tahiru, ba gawa ba. Ajiyar iri a ƙasa take ƙarewa. Kauce."

Ta tako kai tsaye. Sai da bidon ya kusa taɓa goshinsa sannan ya sauke hannu ɗaya. Ta wuce, ta ratsa tsakar gida, ta fita lungu ba ta waiwaya ba. Ta kusa tasha ta ji takun takalmi a bayanta. Shi ne, da hularsa a karkace, da 'yar jaka a kafaɗa.

"Ba biyo ki na yi ba," in ji shi yana haki. "Bidon na biyo."

A Zermu an yi roƙon ruwa a bayan gari. Tahiru bai je ba, kowa kuwa ya lura. Washegari da sassafe suka fita gonar Baba Illa, ita da sungumi a kafaɗa, shi da bidon da ƙwarya. Ƙasa fara fat, sama ba ko ɗigon gajimare.

A bakin gona ya ce, "Abu ɗaya zan faɗa, kuma wannan karon hankali ne. Kada a zuba duka. A bar kaso ɗaya don maimai, in yayyafi ya ci na farko. Kuma tunda rabi ya mutu, a ƙara ƙwaya a kowane rami."

Ta auna maganar. "Wannan magana ce. Za a bari. Amma a ɗakina zai kwana, ba a ƙarƙashin gadonka ba."

Ta miƙa masa ƙwaryar. Ita za ta sara, tunda hannunta ya saba, shi ya bi ta yana zuba iri yana rufewa da ƙafa.

Ba su fara ba sai ga Mai Nasara, maƙwabcinsu na iyaka, dattijon da ba ya rasa sahun gaba a masallaci. Ya yi sallama, ya dubi ƙwaryar da ke hannun Tahiru, ya tsuke fuska.

"Zuliha, ki ji tsoron Allah. Jiya muka fita muka roƙi ruwa, yau ki ba hannun da ba ya alwala irin Malam Illa? Gonarki tana jikin tawa. In albarka ta gudu, ba iyaka za ta duba ba."

Tahiru ya sunkuya zai ajiye ƙwaryar. "Bari, Yaya. Ni zan yi saran."

"Riƙe abin da na ba ka." Ta dogara sungumin a ƙasa, ta fuskanci maƙwabcin. "Mai Nasara, wa ke tsirar da ƙwaya?"

"Allah mana. Wace irin tambaya ce wannan?"

"Wa ke saukar da ruwa?"

"Shi ne."

"To kana nufin Allah zai nufi gonarka da ruwa, hannun Tahiru ya tare? Wannan siririn hannun, da bai iya ko riƙe sungumi ba? In haka ka ɗauke shi, ka ba shi girman da shi kansa bai nema ba. Tsoro ne ya kama ka, irin wanda ya kama mu duka tun shekarar fari. Ka kira shi tsoro, kada ka kira shi addini."

"Za a ji wannan magana a gari."

"A ji. Ka kai wa liman, ka ce ni na faɗa. Ɗan Illa ne, a gonar Illa yake. Tsakaninsa da Ubangijinsa ba ni ce alƙali ba, ba kai ba ne kuma."

Mai Nasara ya tsaya kamar zai ƙara, sai ya kaɗa rigarsa ya koma cikin gonarsa, ya tsaya daga nesa yana kallo.

Zuliha ta ɗaga sungumin. "Bismillahi," ta ce da ƙarfi, yadda na nesa zai ji, ta sari ƙasa. Ramin ya buɗe, busasshe har ciki. Tahiru ya tsaya a kansa da ƙwaya tsakanin yatsunsa. Ta yi gaba, ta sari na biyu, ta sari na uku, ta juyo ta gan shi bai motsa ba.

"Saki ƙwayar," ta ce.

Ya buɗe yatsunsa. Ƙwayar ta zuba, tokar ta tashi kaɗan. Ya ja ƙasa da gefen ƙafarsa ya rufe ramin, ya danna da diddige kamar yadda ya ga mahaifinsa yana yi tun yana yaro, sannan ya matsa zuwa na biyu.

"Kina sara kusa da kusa," ya ce. "Za su cinye juna."

"Haka Baba yake sara."

"Baba ma yana kuskure."

"Ka faɗa masa in kun haɗu."

"Ba za mu haɗu ba, Yaya."

"Zuba iri dai," in ji ta, ta ɗaga sungumin.