Fulogin da Ruwa Ya Wanke

Motar Baba ta koyi shan ruwa da tsufanta, kuma ba wanda ya san inda take kai shi. Da safe Auta za ta cika lagireto har baki, amma kafin ita da Baba su kai ƙarshen layi su juyo, allurar zafi ta haye kan ja, bonet yana huci. Abin takaicin shi ne Auta bakanikiya ce mai garejin kanta, motocin mutane na zuwa mata a ture su koma da ƙafarsu. Wannan tsohuwar ta gidansu ce kawai ta mai da ita 'yar koyo.

Ta canja tiyo, ta canja murfin lagireto. Ta duba fanka da fanbel da famfon ruwa, duk lafiya lau. Ta shimfiɗa kwali a ƙarƙashin motar ko ɗigo zai tona asiri, kwalin ya wayi gari a bushe ƙamas. Ta zaro sandar awon mai ta ga man inji baƙi wuluk, bai yi farin da yake yi in ruwa ya shige shi ba. Ganin haka ta cire gasket, wato shimfiɗar da ke tsakanin inji da kansa don hana ruwa kutsawa ciki, daga cikin waɗanda take zargi.

"Ki ƙyale ta ta huta mana," in ji Yayanta, yana tsaye a inuwa, hannu a aljihu. "Motar nan ta girme ki, ta girme ni. Masu sayen tsohon ƙarfe ma sai sun yi mana alfarma."

Yaya akwai baki, amma ba ƙarfe Auta take jinya ba. Baba, wanda ya ƙarar da ƙuruciyarsa a ƙarƙashin motocin mutane, ya manta kusan komai. Ya manta ko ya ci abinci, ya manta wace ƙofa ce ta ɗakinsa. Ita kanta Auta in ta shiga gaishe shi, sai ya dube ta da ladabi ya ce, "Baiwar Allah, wa kike nema?" Wannan tambayar tana yi mata ciwo fiye da zagi. Motar kaɗai bai manta ba. In ta zaunar da shi a gaba suka zaga unguwa, yakan natsu, wani lokaci ya juyo ya zuba mata ido kamar sunanta na kan harshensa. Ranar da zai faɗe shi take jira, kuma ta san in motar ta mutu, ranar ba za ta zo ba.

Wata hantsi tana sunkuye a cikin bonet, sai ta ji jan takalmi a bayanta.

"Tun yaushe take yi?"

Saura kaɗan sifana ta suɓuce mata. Ba muryar tsohon da ake ba magani a baki ba ce, muryar Baba mai gareji ce, wadda a da in ta tashi kowa yake shiga taitayinsa.

"Ta kwana biyu, Baba. Tana shanye ruwa, kuma ba ta ɗiga."

"Ta huce?"

"Ta huce."

"Buɗe murfin, ki cika ta, ki tayar."

Ta yi yadda ya ce. Baba ya dafa gefen motar ya ƙura wa bakin lagireto ido. Can sai ga 'yan kumfa ƙanana suna tasowa ɗaya bayan ɗaya, waɗanda mai gaggawa ba zai taɓa gani ba. Ya lallaɓa ya zagaya baya, ya tara tafin hannunsa kusa da bakin salansar motar, ya kai hanci.

"Wannan ba hayaƙi ba ne, tururi ne. Kashe ta. Ciro min fulogai, ki jera su yadda suke a inji, kar ki gauraya."

Ta jera su huɗu a kan tsumma. Uku sun yi dauɗar da ta dace da shekarunsu. Na huɗun kuwa fes yake, kamar yanzu aka ɓare shi daga kwali. Baba ya ɗauke shi ya juya shi a rana. Hannun da ya kasa ɓalla maɓallin riga da safe, ko rawa bai yi ba.

"Wa ya wanke wannan?"

"Ba wanda ya wanke shi, Baba."

"Ruwanki ne ya wanke shi. Ba ƙasa yake zuba ba, ciki yake shiga. Gasket ya ɗan tsage ta wajen wannan fulogin, ruwa ya sulale inda wuta take, inji ya ƙone shi ya fitar ta baya. Bai bi ta wajen mai ba, shi ya sa man ya yi miki ƙarya."

Auta ta bi shi da kallo. Mamaki ne ya kama ta, har da ɗan tsoro. Ashe duk wannan yana nan a ajiye, a cikin kan da suka ɗauka ya zama kango. Yaya, da ke tsaye a inuwa kamar kullum, ya zare hannu daga aljihu ya matso ya leƙa fulogin, abin da ba a taɓa gani ba a gidan.

Da motar ta huce Auta ta hau kwance kan inji. Ta fara da kusoshin gefe, ta sassauta wannan kaɗan, ta tsallaka wancan ɓangaren ta sassauta kaɗan, tana matsowa tsakiya a hankali don kada ƙarfen ya karkace. Baba na tsaye a kanta, yana bin hannunta da ido.

"Tsaya," in ji shi.

Ta ɗago. Ya daɗe yana kallon fuskarta.

"Wa ya koya miki kwance kan inji haka?"

"Babana ne."

"Kai, ya iya aiki. Yana raye?"

"Yana raye."

"To ki riƙe shi da kyau, irinsu sun yi ƙaranci. In kin koma gida ki ce ina gaishe shi."

Auta ta goge ido da bayan hannu, mai ya ɓata mata kunci.

"Zai ji, Baba," ta ce.