Wuƙa a Gidan Rainon Margaret

Margaret ta cafke wuƙar ta wajen kaifinta, domin babu lokacin neman ƙota. Sai da jini ya gangaro mata har gwiwar hannu kafin ta gane nata ne.

Mai riƙe da ƙotar Ɗanjuma ne, yaron da bai kai shekara biyar ba. A gabansa abokinsa Success na durƙushe, an ɗaure masa hannuwa ta baya da igiyar shanya, yana dariya, don a zatonsa wasa ake yi. Ɗanjuma bai yi dariya ba. Ya danne kan abokin nasa da hannun hagu, daidai yadda ya ga an yi wa babansa a ƙauyensu na bayan Bena, ranar da 'yan bindiga suka shigo a kan babura.

Margaret matar soja ce da mijinta ya tafi fagen daga bai dawo ba. A tsakar gidanta a Zuru ta kafa rumfar kwano ta buɗe gidan raino. Mata kan kawo 'ya'yansu da safe, su wuce kasuwa ko gona bayansu a sake, ita kuma ta ciyar da yaran, ta koya musu waƙa da baƙaƙe. Hafsat, uwar Ɗanjuma, sheƙa take yi a injin casar shinkafa, inda mai injin ya rantse ba ya ɗaukar mace da yaro a gindinta.

Wata maƙwabciya ce ta leƙo ta katanga ta ga jini, ta fita da labarin. Kafin Margaret ta gama naɗe hannunta da ɗankwali, Francis, baban Success, ya banko ƙofa da bel ɗin wandonsa a hannu, mutane na biye da shi. Bai tambayi kowa komai ba. Ya fizgi Ɗanjuma ta hannu ɗaya ya maka shi da duron ruwa. Yaron bai yi kuka ba, ya dai dunƙule wuri guda. Margaret ta faɗa kansa ta rufe shi da jikinta, ƙarfen bel ɗin ya sauka a gadon bayanta, ya sake sauka, har rigarta ta yage.

A waje ana ta cewa ɗan ɓarayin daji ne, a fito da shi. Hafsat ta iso a guje, dusa har a girarta, tana roƙo tana cewa uban yaron ma su suka yanka shi. Ba wanda ya saurare ta. Wani ya jefe ta da dutse a goshi, ta zube a bakin ƙofa.

Bilki mai tumatir ce ta ratsa taron ta tsaya a kanta. Ta ce duk mai son a rufe gidan nan ya fara faɗa musu wanda zai riƙe musu yara gobe, ko su maza za su goya su zuwa gona. Matan da ke baya suka yi ta gunaguni, amma ba a ƙara jifa ba.

A ciki Francis ya sake ɗaga bel. Margaret ta ɗago kai daga kan yaron.

"Baban Success," ta ce, "juya ka ga masu kallonka. Shi ma yaron nan kallo ya yi, ya kwaikwaya."

Ya juya. Yaran sun jeru a jikin bango, ba mai motsi, idanunsu duka a kan hannunsa. Ɗansa na cikinsu, igiyar har yanzu tana lilo a tsintsiyar hannunsa. Francis ya daɗe a tsaye yana haki. Daga nan ya sunkuya ya ɗauki ɗansa, ya fita.

An ɗinke wa Margaret tafin hannu, amma yatsu biyu sun ƙi lanƙwasuwa. Washegari ta share tsakar gida da hagu, ta shimfiɗa tabarmi, tana zaton ba mai zuwa. Hafsat ce ta fara isowa da filasta a goshi, Ɗanjuma na ɗingishi a bayanta. Ta tsaya daga nesa ta ce, "Mama, in ba hali, mu koma ƙauye."

"Za ki makara wurin aiki," in ji Margaret, ta miƙa wa yaron hannunta mai lafiya.

Yara kaɗan suka zo. Rana ta ɗan ɗaga sai ga matar Francis da kwandon barkono a ka, motar kasuwar Bena na mata oda a bakin titi. Ta tura Success cikin gidan ba gaisuwa, ta juya da sauri.

Margaret ta zaunar da shi a damanta, Ɗanjuma a hagunta, ta jawo kwanon kunu gabansu.