Gaisuwar Safe a Ƙofar Alhaji Alƙasum

A makarantar horon malamai wata Bafaranshiya ta koya mana zaman Romawan dā. Bisa ga labarinsu, sarkinsu na farko ne ya ce kowane talaka ya zaɓi babban da zai raɓa. Babban ya tsaya masa gaban alƙali, shi kuwa ya zo gaisuwa kowace safiya, ya karɓi ɗan kwandon abinci, ya bi ubangidan cikin gari don a ga yawan mutanensa. Wai amana ce mai tsarki, irin ta uba da ɗa. Na rubuta ina dariya, don na san wannan ƙofar, a unguwarmu take.

Na dawo garinmu Tawa a 1963 da takardar shaidata. Ana rarraba sababbin malamai, ni kuwa ina son a bar ni cikin gari kusa da likita, saboda idon Inna ya fara mutuwa kuma ni kaɗai gare ta. Kawu Manzo ya ce maganar tana hannun Alhaji Alƙasum, babba a jam'iyya. Uban Alhajin ya ba kakana gero a wata shekarar yunwa, tun daga nan gidanmu ke gaishe su. An cinye geron shekara talatin da suka wuce, durƙuson bai ƙare ba.

Kawu ya ja ni muka je. Zauren cike da dattawa a tsugune, suna dariya tun Alhaji bai ƙare ba'arsa ba. Na gaishe shi yadda ya kamata, sannan na miƙa masa buƙatata a rubuce, da hatimi. Ko taɓa ta bai yi ba.

"Ɗiyata," ya ce, "takarda ta wanda ba shi da kowa ce. Ki ce ke tamu ce, shi ke nan."

"Ranka shi daɗe, jarrabawa na ci. Ba roƙo na zo ba."

Kawu ya yi ta ba shi haƙuri, wai boko ne ya ɓata ni.

Aka tura ni wani ƙauye arewa da Affala. Ajin rumfar zana ne, ruwan rijiyar da gishiri-gishiri, rabin yaran Tamashek, yaren Buzaye, kaɗai suke ji. Na tafi da Inna. Ni ke jan guga, ni ke wanke mata ido da ruwan ɗumi. A damina ta biyu ta daina ganin fuskata. Ba ta taɓa ɗora mini laifi ba. Ni na ɗora wa kaina, ba sau ɗaya ba.

Kawu ya aiko da wasiƙa cewa Alhaji ya huce. In na je gaisuwar Salla na durƙusa, zai maido ni gari. Na karanta wa Inna wasiƙar, ta tambaya ko durƙuson zai maido mata da idonta.

Washegari na rubuta wa sufeton makarantu cewa ina buƙatar alli da benci shida don shekara mai zuwa.