Kaset na Huɗu

"Guruji! Tinjure za su zo! Ranar Asabar, a filin makarantar da ke bayanmu!"

Da gudu na hau benen, takardar tallan da na ɓamɓaro daga sandar lantarki tana hannuna, ƙullun fulawar momo, abincin da nake sayarwa, har gwiwar hannu. Maƙwabcina Netra Basnet yana kwance inda ya shafe wata biyu, tun ranar da likitoci suka ce huhunsa ya gaji, a mayar da shi gida. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana tuƙa bas daga Dharan zuwa Dhankuta, shi ya sa kowa a layinmu Guruji yake ce masa, yadda ake kiran direbobi.

"Kawo in gani, Maili." Ya kai takardar dab da hancinsa. "Kai! Dubi Lokendra. Ya koma kakan wani!" Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

Matarsa Kausila ta leƙo daga kicin da ludayi a hannu. "Kin kyauta, Maili. Yanzu sai mu kwana uku muna jin kaset ɗin nan na masu zaman makoki."

"Haba Bhauju," na ce, yadda muke kiran matar yaya.

"Ke ba ki zauna da shi ba."

Tinjure su ne makaɗan da suka haɗa sarangi, gogen ƙasarmu, da gangar ƙauye da jita mai lantarki tun muna 'yan mata. Kaset ɗinsu na farko da na biyu, babu bikin da ba a taka su ba. Na huɗu kuwa ko masu shago ba su riƙe sunansa ba. A gidan mahaifiyar mawaƙinsu, Lokendra Thulung, suka ɗauke shi, can kan dutse, cikin damina, ana jin ruwa yana dukan kwano daga farko har ƙarshe. Gidajen rediyo suka ce ya lalace. Guruji kaɗai ya riƙe shi. A bas ɗinsa shi yake sawa, fasinjoji na ihu a canza, shi kuma yana ƙara murya.

"Na farko da na biyu gangara ce," ya ce mini, kamar yadda ya faɗa sau ɗari a shagon shayina. "Wa bai iya tuƙi a gangara ba? Na huɗu hawa ne. Giya ta ɗaya, kaya cike, ba gaggawa. Ki saurari sarangin nan a waƙar mai dakon gishiri, yadda yake numfashi kamar mutumin da ke ɗauke da buhu. Sau shida ina zuwa kallonsu, Maili. Ko baiti ɗaya ba su taɓa yi daga cikinsa ba."

Ya ajiye takardar a ƙirjinsa. "Da zan ji ta daga bakinsa, da shi ke nan."

Ranar Juma'a na rufe shago da tsakar rana, abin da ban yi ba ko ranar auren ƙanwata. Na samu Lokendra a farfajiyar masaukinsu yana cin shinkafa da miyar wake, furfura ta cika masa kai, tabarau a kan hanci. Na zayyane masa komai.

"Na huɗu?" Ya ajiye cokali. "Bahini, ƙanwata, ni kaina ba ni da shi. Baitocin ma sun ɓace mini."

"Akwai wanda bai ɓace masa ba, Daju, yayana. Tafiyar minti goma ce."

Ya dube ni, ya dubi shinkafarsa, ya tashi ya wanke hannu.

Kafin mu iso, labari ya riga mu. Teloli sun bar kekunansu, mai aski ya fito da wani da rabin gemu. Bhauju Kausila, wadda ta ce ba ruwanta, ta canza sari, wato zanenta, ta ɗora shayi, har da fito da kofunan baƙi.

Lokendra ya haɗa tafin hannu ya sunkuya. Guruji bai ko amsa gaisuwar ba.

"Kai ne? Zauna nan. Kai wane irin uba ne, ka haifi ɗan da ya fi duka kyau, ka jefar da shi a kan hanya?"

"Ba wanda ya so shi, Guruji."

"Ni ba mutum ba ne? Ɗauki jitar nan ta ɗana. Fara."

Ya fara, ya ɓata a layi na biyu.

"A'a! 'Gishirin na wani ne, gumin nawa ne.' Kai ka rubuta, ni zan koya maka? Sake!"

Ɗakin ya ɗauki dariya, har da waɗanda suka cika matakala. Haka suka yi ta yi kusan awa guda, tsohon direba yana jan numfashi da ƙyar yana ba da baiti, mawaƙin da ƙasa duka ta sani yana maimaitawa kamar ɗan aji ɗaya. Idon Guruji na walƙiya. Na rantse ban ga annuri a fuskarsa haka ba tun kafin ciwon.

Can sai ya ce, "Akwai abin da na daɗe ina son tambaya. A ƙarshen waƙa ta uku, bayan ganga ta tsaya, wani ya yi tari, sannan aka ji an ja ƙofa a hankali. Wane ne?"

Lokendra ya daina taɓa jitar. "Ana jin wannan?"

"Kausila, sa masa."

Ta danna tsohon rediyon. Ruwa a kan kwano, sarangi, ganga, sai shiru. Sai ɗan tari, da ƙarar ƙofa.

"Mahaifiyata ce," in ji Lokendra. "Shayi ta kawo mana, ta ga muna ɗauka, ta koma. Kafin kaset ɗin ya fito ta rasu. Ba don rediyo na bar shi ba, Guruji. Kasa saurara na yi." Ya cire tabarau. "Ban san tana ciki ba. Ko hotonta na kirki ba mu da shi. Bhauju, don girman iyayenki, mayar da shi baya."

Sau uku ta mayar.

Ranar Asabar da la'asar maza huɗu suka ɗauki Guruji a kan kujera zuwa saman soro, aka lulluɓe shi da bargo. Daga nan ana hango filin, ya cika maƙil, har kan katanga. Tinjure suka yi ta zuba tsofaffin waƙoƙin rawa, ƙura na tashi, mu ma a soro muna takawa. Sai Lokendra ya ɗaga hannu.

"Wannan ba ku san ta ba. Ta wani direba ce da ke zaune can sama. Shi ya adana mana ita shekara ashirin da biyu."

Dubban kawuna suka juyo wajenmu. Bhauju ta ɗaga hannun mijinta sama kamar ɗan damben da ya yi nasara. Da sarangin ya fara, wasu samari suka yi fito suna neman ta rawa. Kafin baiti na biyu, ba ka jin komai sai shi.

A baiti na ƙarshe Guruji ya dafe hannuna. "Ya sake ɓatawa! Kin ji? Ya tsallake layi guda! Wannan mutum ba ya jin karatu!" Yana dariya, hawaye na bin kumatunsa. Da filin ya ɓarke da tafi ya ce, "To, ga shi nan. Shekara nawa ina gaya muku?"

"Mun ji, mun yarda," in ji Bhauju, tana gyara masa bargo. "Rufe baki ka huta."

Ranar Litinin da hantsi Guruji ya cika, bayan ya sha rabin kofin shayi.

Mun ɗauka makaɗan sun wuce Kathmandu. Amma ana cikin ɗaure makara sai ga Lokendra shi kaɗai. Ya tuɓe takalmansa a bakin ƙofa, ya sa kafaɗa tare da tsofaffin direbobi, suka gangara a ƙafa zuwa bakin kogi, inda ake ƙona gawa.

Mu mata muka zauna da Bhauju. Da rana ta karkata na fito zan share ƙofar gida, na tarar da takalman suna nan gefe da gefe, baƙaƙe, dugadugansu sun cinye ta gefe ɗaya. Na share kewaye da su, na bar su inda suke.