Masu Sayen Sabulunta

Da tukunya ɗaya ta fara, da wani tsohon tire da take zuba haɗin sabulun a ciki ya daskare, sai wayarta mai tsagaggen gilashi. Kuɗin hayar shago ya fi ƙarfinta, don haka ta buɗe shafi a intanet. A bakin tagar kicin take ɗaukar hoton kayan: ta shimfiɗa farar rigar matashi, ta jira rana ta karkato. Da safe tana kantin magani tana karɓar kuɗi, da yamma tana gida tana juya mai da ɓawon lemo har kafaɗarta ta sage.

Watan farko ko ƙuda bai sauka a shafin ba. Ta yi kuka a ƙirjin mijinta, mai gyaran fanka da dutsen guga, wanda take tsokana da Injiniya. Ya share mata hawaye da hannunsa mai warin baƙin mai, ya ce ta ƙara haƙuri.

Sai ga oda ta fara shigowa, yau ɗaya, jibi biyu. Masu sayen har yabo suke barin mata. Wata ta rubuta cewa ƙamshin ya tuna mata da safiyar da aka kwana ana ruwa. Wannan layin ta haddace shi, tana maimaitawa a cikin motar haya tana murmushi ita kaɗai. Kowane ƙulli da hannunta take naɗewa, ta ɗaure da zare, Injiniya ya karɓa ya ce, "Kawo, Gimbiya, ofishin masu kai saƙo a kan hanyata yake."

Ranar da ta ajiye aikin kantin magani ba ta faɗa wa kowa ba. Manajan ya tambaye ta ko ta yi shawara, ta ce masa kasuwarta ce ta ba ta shawarar. Daga nan ta wuce shagon mijinta, tana so ta ga fuskarsa idan ya ji.

Ƙanensa ta tarar a ƙofa yana kwance wata fanka.

"Matarmu attajira," ya ce yana dariya. "Yau an tuna da talakawa? Yaya ya je sayen wayar wuta, yanzu zai dawo."

"Kai dai ka fara wanka kafin ka yi mini magana. Ina kuke ajiye ruwa? Hannuna duk ƙura."

Ta ɗaga labulen ɗakin baya kafin ya miƙe. Ƙamshin ne ya fara tarbarta, ƙamshin da ko a cikin dubu za ta gane. Bayan tarin fankokin da masu su suka manta da su, kwalaye ne jere har kusan rufi. Ta buɗe na sama. Ƙullinta ne, da zarenta, da rubutun hannunta na godiya ga mutanen da take ta ƙiyasta fuskokinsu a ranta.

Tana tsaye a haka Injiniya ya shigo. Ya dube ta, ya dubi kwalin, wayar wutar da ya sayo ta sulale daga hannunsa.

"Su waye masu sayen?" ta tambaya, muryarta ƙasa ƙasa.

"Gimbiya, zauna tukuna."

"Su waye?"

"Ni ne. Da wayoyin abokaina nake yi, in mayar musu da kuɗinsu." Ya matso kusa da ita. "Ba zan iya ganin kukanki ba. Na ce zan ɗan tura motar ne har ta tashi da kanta."

"Abokanka. Waɗanda nake kai wa ruwa a falo suna ce mini Hajiya mai kamfani."

A waje ƙanen nasa ya daina buga ƙarfen da yake bugawa.

"Matar ruwan sama fa?"

Ya sunkuyar da kai.

Ta juya ƙullin da ke hannunta, ta ɗauki wani, ta sake ɗaukar wani. Duk zaren yana nan yadda ta ɗaure shi.

"Ko ɗaya ba ka buɗe ba. Ka rubuta cewa yana gyara fata, alhali ko kumfarsa ba ka gani ba." Hawayen ya zo, ba ta share ba. "Na ajiye aiki yau, Injiniya. Albishir na zo yi maka."

Ya jingina da bango. "Ki koma, ki roƙi manajan. Zan bi ki."

"Har na ga wadda ya zaunar a kujerata."

Wayarta ta yi ƙara a cikin jaka. Ta ciro: sabuwar oda, sabulu biyu, daga wani suna da ba ta sani ba. Injiniya ya ɗaga hannuwansa duka biyu, wayarsa na can kan tebur.

"Wallahi wannan ba ni ba ne."

Ta daɗe tana kallon sunan, tana jiran murnar ta zo. Sannan ta ɗago ta dube shi.

"Ta yaya zan sani?"