Lambar da ke Hannun Malam Habibullahi

"Gwaggo, riƙe min hannunsa kada ya fizge," in ji Radiyya.

Safiyatu ta ajiye kwanon kunun da ta shigo wa maƙwabcin nata da shi, ta durƙusa a gefen tabarma. Ta ɗauka faɗuwa tsohon ya yi ya gurje. Radiyya ta kwance farin ƙyallen a hankali, sai ga baƙaƙen lambobi a jere, daga wuyan hannu har kusa da gwiwar hannu. Fatar wurin ta kumbura, tana sheƙi.

"Da biro kika rubuta?"

"A'a."

"Baƙin lalle ne?"

Radiyya ta sunkuyar da kai tana matse tsumma a cikin ruwan ɗumi. "Na allura ne, Gwaggo. Wanda ba ya gogewa."

Safiyatu ta saki hannun kamar ta taɓa garwashi. "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un! Tatu? A jikin Malam? Ke Radiyya, kanki ɗaya kuwa?"

Kaf unguwar Limawa babu wanda bai san Malam Habibullahi ba. A zaurensa Talha, mijin Safiyatu, ya yi karatun allo, a nan 'ya'yansu ma suka yi. Sai tsufa ya zo masa da ciwon mantuwa. Ya fara da manta inda ya ajiye carbi, ya kai ga manta sunayen 'ya'yansa. Da ya ga ƙofa a buɗe sai ya saka takalmi, wai zai tafi Buji, babansa na jiransa a gona. Baban nan kuwa ya rasu tun ba a haifi Radiyya ba. Ita ce autarsa, ita ta dawo gida da kekenta na ɗinki tana jinyarsa.

"Me ban gwada ba?" in ji Radiyya. "Na sa masa takarda a aljihu, ya ƙunshe goro da ita. Na rataya masa kati a wuya, ya tsinke. Na rubuta da biro, alwala ta wanke. Ɓatan da ya yi watan jiya, kin san a inda aka tsince shi? A bayan tashar mota, ba hula, yara na tsokanarsa. Babana, Gwaggo! Da na kai shi asibiti Kano sai na biya da shi wurin wani mai yi da inji. Lambar wayata ce."

"Yayanki Yahuza ya sani?"

"Bai sani ba."

Malam ya ɗaga hannunsa ya ƙura wa rubutun ido. "Wane yaro ne ya yi min rubutu a hannu?" in ji shi. "Ku kawo ruwa a wanke, a ba shi allo."

Safiyatu ta sake kama hannun, wannan karon da tafukanta biyu.

Tun daga ranar, ko da zuciyarta ba ta kwanta da abin ba, kullum da hantsi sai ta shigo. Ita ke riƙewa, Radiyya na wankewa da sabulu marar ƙamshi, ta tsane da ƙyalle mai tsabta, ta shafa man kaɗanya kaɗan. Mai zanen ya ce kada rana ta buge shi, kada ya yawaita jiƙa, kada a sosa. To amma Malam yakan yi alwala, ya zauna, ya manta, ya sake janyo buta. Da wurin ya fara ɓawo ƙaiƙayi ya tashi, sai suka yanke masa farce, suka riƙa sa masa riga mai dogon hannu. Duk da haka wata rana suka tarar ya kankare lambar ƙarshe da bakin murfin buta har jini ya fito. Radiyya ta zauna ta yi kuka kamar ƙaramar yarinya.

Ranar Asabar Yahuza ya zo daga Kafin Hausa, inda yake da shagon hatsi. Safiyatu na tsakar gidanta tana tankaɗe ta jiyo muryarsa ta saman katanga.

"Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana hana mutane irin wannan, shi kika kai aka tsattsaga wa fata? Ko izininsa kin nema?"

"Yaya, ta yaya zan nemi izinin wanda bai san sunana ba?"

"Ni fa? Na mutu ne? Da wane ido za mu kalli masu wanka ranar da ta Allah ta kasance?"

"In ya ɓace a daji, Yaya, wa zai kawo mana shi mu wanke?"

Sai ta ji ƙarar babur ɗinsa ya tashi. Ko abincin da aka zuba masa bai ci ba.

Ranar Laraba mai ruwa ya shigo da jarkoki, ya fita ya bar ƙofa a buɗe. Radiyya na ɗaki tana taka keke, ƙarar ta hana ta ji. Kafin ta leƙo, tabarma ce kawai da kofin shayi.

Bazara ce, rana kamar ta tsaga dutse. Talha ya tara samarin unguwa, aka bi tasha, aka bi kasuwa, aka bi gindin duwatsu, aka yi cigiya a masallatai. Wani mai shayi ya ce ya ga wani dattijo a bayan babur an nufi bayan gari, shi ke nan. Yahuza ya iso kafin la'asar, bai kalli ƙanwarsa ba.

Washegari da hantsi Safiyatu na zaune kusa da Radiyya, tana lallashinta ta kurɓi ko koko ne, sai wayar ta yi ƙara. Baƙuwar lamba. Radiyya ta miƙa wa Safiyatu.

"Salamu alaikum," in ji wata muryar namiji, iska na kaɗawa a bayanta. "Sunana Barau, manomi ne. Don Allah ko kuna da wani tsoho fari, mai lambobi a hannu?"

"Namu ne! Yana ina? Ba shi wayar!"

"Baiwar Allah, tun ɗazu nake kira. Lambar ƙarshe ta kankare, sai da na yi ta canzawa ina samun wasu mutane." Sannan ya ce, "Sai dai haƙuri. A gindin ɗorawar gonata na same shi, a jingine. Na ɗauka barci yake."

Safiyatu ta sauke wayar daga kunnenta. Radiyya ta dubi fuskarta, ta ɗora hannu biyu a ka.

Kafin azahar Talha da Yahuza suka dawo da shi a motar wani maƙwabci, Barau na biye a kan babur ɗinsa. Gida ya cika maƙil. Aka kewaye gefen rijiya da tabarmi don wanka, mata suka koma ɗaki. Ta taga, Safiyatu ta ga Talha ya tare sauran dattawan a bakin tabarmin don kada su ga hannun, yana cewa shi da ɗan mamacin sun isa.

"Bar su su shigo, Malam Talha," in ji Yahuza. Muryarsa ta dushe. "Duk wanda zai gani ya gani. Da rubutun nan aka kawo mana shi."

Radiyya ta cusa fuskarta a cinyar Safiyatu, kafaɗunta na girgiza.

Bayan maza sun tafi maƙabarta, sai aka yi sallama a zaure. Safiyatu ta yafa mayafi ta fita. Barau ne, dogo, baƙi, ƙafafunsa duk ƙura. Ya ce ya ga an ɗaga makara ya tuna da saƙo a jikin babur ɗinsa, zai miƙa ya bi su.

"Hajiya, manomi ne shi?"

"Malami ne. Amma ɗan manoma ne."

"Na ce ko. Ko ɗigon ruwan sama ba a yi ba, amma ya bi kunya guda tun daga bakin hanya har gindin bishiyar, yana tona rami da dunduniya yana rufewa kamar mai shuka. Ko ni ban iya jera ramuka haka ba."

Ya miƙa mata baƙar leda, ya juya da sauri.

Takalman Malam ne, na roba, ɗaya ya tsinke an ɗaure da zaren buhu. Safiyatu ta fito da su za ta ajiye a bakin ƙofar ɗakinsa, sai jar ƙasar gona ta zubo daga cikinsu a kan siminti. Tsintsiya na jingine a jikin bango. Ta dube ta, ta dubi ƙasar, ta jera takalman a gefe, ta koma ciki wurin Radiyya.